Wannan Kan Sarki na Wace Ƙasa Ne?

Ka ɗauko taswirar duniya ka bi ta da yatsa ƙasa bayan ƙasa, ba za ka ga inda aka rubuta Helvetia ba. Ba za ka ga Suomi ba, balle Magyar ko Shqipëria. Amma duk wanda ya taɓa zube tsofaffin kawunan sarki a faifai yana tsince su ɗai-ɗai ya sha cin karo da waɗannan sunaye. Na farkon Suwizalan ce, na biyu Finlan, na uku Hungari, na huɗu Albaniya. Kowace ƙasa tana da sunan da take kiran kanta da shi a cikin gida, kuma shi take bugawa, ba wanda aka koya mana a darasin labarin ƙasa ba. Suwizalan ma da dalili ta yi haka. Harsuna huɗu take da su a hukumance, ga takardar ba ta wuce faɗin babban yatsa ba, sai ta ɗauko tsohon sunanta na Latin don kada wani ɓangare ya ce an fifita harshen wani.

Ni ta ƙofar rediyo na shigo wannan harka. Muna samari, yayin da ake yi shi ne rubuta wasiƙa zuwa sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare: Landan, Kolon, Mosko, Bejin, Alƙahira. In an taki sa'a amsa ta iso akwatin gidan waya na makaranta, wani lokaci har da kalanda ko jadawalin shirye-shirye, mu kuwa ambulan ɗin muke wa wawa. Daga nan aka shiga musaya, daga musaya aka koma gasa. A ajiye kan sarki ɗaya a tsakiyar tabarma, kowa ya duba ya faɗi ƙasarsa, kuma dole ya kawo hujja. Wanda ya canka daidai ba tare da hujja ba, ba a ba shi. Har yau da jikokina haka nake yi, kuma ƙa'idar da nake fara koya musu guda ɗaya ce: hoto shi ne abin dubawa na ƙarshe.

Na san da wuya, don hoton ne ke fara cika ido. Amma shi ya fi komai ɓatar da mutum. A 1964 Nijeriya ta buga kan sarki da fuskar Shugaba Kennedy na Amurka, Nijar ma ta buga nata. Hungari ta cika duniya da hotunan namun dajin da ba a ganinsu a ƙasarta sai a gidan zu. Ajman, wata 'yar masarauta a gaɓar Tekun Fasha inda zafi ke narka kwalta, ta sha buga hotunan masu tsere a kan dusar ƙanƙara. A zamanin mulkin mallaka kuwa abin ya fi haka rikitarwa, domin zane ɗaya ake yi wa ƙasashe da yawa, a canza suna kawai. Da Sarki George na Biyar ya cika shekara 25 a kan gado a 1935, hoton fadar Windsor iri ɗaya sak aka buga wa Nijeriya da Gwalkwas da Gambiya da Saliyo da wasu ƙasashe gommai. Jamusawa ma jirgin ruwan sarkinsu suka ɗora wa Kamaru da Togo da sauran ƙasashen da suka mallaka.

Dattawanmu na dā, in baƙo ya sauka a zaure, ba rigarsa suke kallo ba, don riga ana aro, ana kuma saye a kowace kasuwa. Tsagar fuskarsa suke dubawa, su saurari karin harshensa, sannan su ce wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare. To hoton kan sarki riga ce. Tsagarsa tana cikin rubutu, da sunan kuɗi, da ɗan tambarin da ke maƙale a kusurwa.

Akwai ƙasa ɗaya da har gobe ba ta rubuta sunanta, ita ce Birtaniya. Ita ta fara wannan abu a watan Mayu na 1840, bisa shawarar wani malami mai suna Rowland Hill. Kafin lokacin, galibi wanda aka aiko wa wasiƙa shi ke biya, kuɗin kuma da tsada, har mutane kan ƙi karɓa. Hill ya ce a mayar da shi kwabo ɗaya, mai aikawa ya biya tun farko, a manna shaida. Aka buga baƙin kan sarki na kwabo, wanda ake kira Penny Black, da kan Sarauniya Victoria. Ba a sa sunan ƙasa ba, don babu wata ƙasa mai irinsa da za a rikita su. Da aka kafa ƙungiyar gidajen waya ta duniya a birnin Bern a 1874, sannu a hankali aka kai ga dokar cewa kowa ya rubuta sunansa da baƙaƙen boko, amma aka bar Birtaniya a kan al'adarta. Saboda haka in ka ga kan sarki ko sarauniya, ga Turanci, ka duba sama da ƙasa babu sunan ƙasa, ka ce Birtaniya kai tsaye. A na zamani kan ya ƙanƙance, ya koma 'yar inuwa a kusurwa, wani lokaci ruwan zinariya. In bayan lambar kuɗin akwai harafin d, kafin 1971 ne. In p ne, galibi bayanta ne.

Sai dai a yi hattara, ba duk mara suna ne ɗan Birtaniya ba. Na farkon Birazil na 1843 ba su da komai sai manyan lambobi, 30 ko 60 ko 90, a cikin wani ƙwai mai zane-zane. Na farkon Sipaniya na 1850 suna da kan Sarauniya Isabella ta Biyu, abin da ke tona su shi ne kalmar Correos da kuɗin cuartos. Na farkon Isra'ila na 1948 ma ba su ɗauke da sunanta, don an buga su tun ba a tsayar da sunan da za a kira ƙasar ba.

Yanzu ga inda nake so mai karatu ya gyara zama. Bature mai tara kan sarki, da zarar ya ci karo da rubutun Larabci, sai ya ture shi gefe cikin tarin waɗanda suka gagara, ko ya nemi littafi yana kwatanta lanƙwasa da lanƙwasa. Kai kuwa da ka yi allo kafin ka yi boko, ko ka haɗa su tare, rubutu biyu ne a hannunka, kuma waɗannan biyun sun rufe babban yanki na duniya. Na sha ganin yaro ɗan Islamiyya ya warware cikin daƙiƙa abin da mai digiri ya yi ta juyawa. Wannan gata ne da ba mu san muna da shi ba.

Fara da kalmar gidan waya. In ka karanto "barid", kana ƙasar Larabawa. In kuwa ka ga "post" da ajami, harafin farko kamar ba amma da ɗigo uku a ƙasa, to ka fita daga Larabawa, ka doshi Iran ko Afganistan, domin Larabci ba shi da wannan harafi. Sai lambobi. Biyar ta Larabci ɗan zagaye ce, ɗan boko yakan ɗauka sifiri ce, alhali sifirin ɗigo ne kawai. Saboda haka abin da ya yi maka kama da 10 a kan sarkin Masar, 15 ne. Shidansu kuma ta yi kama da 7 ta boko. Biyar ta mutanen Iran daban take, kamar zuciya ce a kife, huɗunsu da shidansu ma sun saɓa. Wannan ɗan bambanci kaɗai ya isa ya raba maka Tehran da Bagadaza.

Daga nan sai tambari. Zaki riƙe da takobi, rana na fitowa ta bayansa, na Iran ne kafin juyin juya halin 1979. In an rubuta Postes Persanes, ya girmi 1935, shekarar da ƙasar ta nemi duniya ta bar ce mata Farisa. Dabino a kan takubba biyu a gicciye, kowane alhaji ya san na Saudiyya ne, kuma da yawa daga kawunan sarkinta ba su da sunanta da boko, tambarin nan ne kawai. Wanda ya fi burge ni shi ne tugra, sa hannun sarakunan Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Ka sa gilashin ƙara girma ka dube shi da kyau. Sanduna uku ne dogaye a tsaye, kowace da ɗan wutsiya, sai zobba biyu sun kumbura zuwa hagu ɗaya cikin ɗaya, sai layuka biyu sun miƙe zuwa dama, a gindi kuma an cusa sunan sarki da na mahaifinsa da addu'ar nasara, an saƙa su cikin juna. Kan sarkin Turkiyya na farko, na 1863 a zamanin Sultan Abdul'aziz, tugra ce zaune a kan jinjirin wata. Amma kada ka yi gaggawa, don Sarki Abdul'aziz na Saudiyya shi ma ya yi tasa tugrar a kan sarkinsa. A nan karatu ne zai raba gardama. Turkiyya ta bar rubutun Larabci a 1928, don haka duk nata mai ajami zalla tsoho ne.

Akwai wasu da nake ɗauka da girmamawa ta musamman, su ne na Hijaz na 1916, lokacin da Sharif Husaini ya ɓalle daga Turkawa. Babu hoton mutum, babu na dabba, babu ko harafin boko ɗaya. Zayyana ce zalla irin ta ƙofofin masallatai da bangon Alƙur'ani, a tsakiya an rubuta Makkatul Mukarrama, ga shekarar Hijira 1334. A Alƙahira aka buga su. Wanda bai iya karatun ba zai ce ado ne kawai, kai kuwa kallo ɗaya ya ishe ka.

Ga wani tarko mai daɗin warwarewa. A 1958 Masar da Siriya suka haɗe suka zama ƙasa ɗaya, kowace ta riƙa buga kan sarki da haruffan UAR. Wani lokaci har hoton ɗaya ne. Ta yaya za a raba su? Ta kuɗi. Na Masar yana da M, wato millim. Na Siriya yana da p, wato fiyasta. Siriya ta fice a 1961, Masar kuwa ta riƙe sunan har 1971, shi ya sa mafi yawan waɗanda za su faɗo hannunka na Masar ne. Haka kuma in ka ga ajami tare da damisa mai zane ko sarki mai naɗi irin na gabas, kuɗin kuma sen ne, ka karanta a hankali, za ka ji Kelantan ko Kedah ko Terengganu, masarautun Maleshiya ke nan, su ma da ajaminsu suke rubuta harshensu.

Gidaje da yawa a ƙasar Hausa suna da dangi a Sudan, zuriyar waɗanda suka tafi Hajji a ƙasa suka zauna a hanya, da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno. In akwai tsohuwar wasiƙa daga can a gidanku, da wuya ka rasa ɗan aiken nan mai raƙumi. Kan sarki ne da aka fara bugawa a 1898, wani hafsan sojan Ingila mai suna Stanton ya zana shi: mutum a kan raƙumi yana sukuwa cikin sahara, jakunkunan wasiƙa rataye a gefe. In gilashinka mai kyau ne za ka ga an rubuta Khartoum da Berber a jikin jakunkunan da baƙaƙe ƙanana ƙwarai, alhali ran da aka fitar da shi Turawa ba su riga sun ci Khartoum ba. Sai ka juya bayansa ka ɗaga shi ga haske. A cikin jikin takardar akwai ɓoyayyen tambari, irin wanda ake gani a takardar kuɗi. Na bugun farko fure ne mai kunne huɗu, ya yi kama da gicciye, Musulmin ƙasar suka nuna ƙyama, sai aka sauya shi da wata da tauraro daga 1902. Kan sarki biyu, fuska ɗaya, amma bayansu ya gaya maka wane ne yaya wane ne ƙane.

Sauran rubuce-rubucen duniya ba sai ka iya karanta su ba, siffarsu kawai za ka riƙe. In ka ga kamar boko ne amma wasu baƙaƙen sun juya baya, rubutun Rasha da maƙwabtanta ne. Abin da ya yi kama da CCCP Tarayyar Sobiyet ce, daga 1923 zuwa 1991, yawanci tare da wata kalma mai kama da NOYTA, wadda ke nufin gidan waya. In irin rubutun ne amma ga zaki a tsaye, kuɗin kuma an taƙaita shi kamar CT, Balgeriya ce. Baƙaƙe masu kama da jinka biyu a jere a tsakiyar suna, Girka ce. Na gabas mai nisa, nemi akwati da sanda ta ratsa shi daga sama zuwa ƙasa, wannan alamar Sin ce, ko da yake Taiwan ma tana amfani da ita. Akwati mai layi a kwance a tsakiya, shi ne harafin farko na sunan Japan. Tsofaffinta har zuwa 1947 suna da fure zagayayye mai kunne 16, daga 1966 kuma ta fara rubuta Nippon. Rubutun da ƙananan zobba suka yi masa yawa na Koriya ne. Baƙaƙen da suka rataya a jikin layi ta sama na Indiya ne ko Nefal. Zaki mai kambi riƙe da tuta, Habasha ce ta zamanin sarakuna.

A cikin boko ma akwai masu kayar da mutum. Österreich Ostiriya ce ta Turai, ba ta da haɗi da Ostareliya. Island ba kowane tsibiri ba ne, Aislan ce. Éire Ailan ce, Sverige Suwidin, Norge Nowe, Hrvatska Kuroshiya. RF kawai a kusurwa Faransa ce, ko wata ƙasa da take mulka. Jamus kuwa tarihinta kaf yana jikin sunayenta: Deutsches Reich kafin ƙarshen yaƙin duniya na biyu, sannan Bundespost ta yamma da DDR ta gabas har zuwa haɗewar 1990. In ka ga na Reich da kuɗi na fitar hankali, miliyan ko biliyan, na 1923 ne, shekarar da kuɗinsu ya lalace har aka buga kan sarki ɗaya na mak biliyan 50.

In suna ya gagara, koma kan kuɗi, shi ne shaidar da ba ta cika ƙarya ba. Fillér da forint na Hungari ne. Öre mai ɗigo biyu a kan o na Suwidin ne, mai sanda a ratse kuma na Nowe ko Denmak. Correos da centavos sun kai ka ƙasashen da ke jin Sipaniyanci, Correio kuma Fotugal ko Birazil ko Angola da Mozambik. Anna tana nuna hannun Indiya ta zamanin Turawa, amma ba Indiya kaɗai ba, don an kashe ta a Aden da Kuwait da Bahrain da Zanzibar. A nahiyarmu, butut na Gambiya ne daga 1971, ngwee na Zambiya daga 1968, pesewa na Gana daga 1965. Harafin k shi kaɗai kada ka yarda da shi. Ɗan Nijeriya yana gani zai ce kwabo, kuma gaskiya ne tun daga Janairun 1973, amma kopek na Rasha da kurush na Turkiyya da kwacha na Malawi duk da shi suke farawa. Akwai kuma inda kuɗin ya daina taimako. Tun 2002 ƙasashen Turai da yawa yuro suke bugawa, F ta sefa kuwa ƙasashe 14 ke tarayya a kanta, daga Dakar har Barazabil.

Mu dawo gida, don a nan ne abin ya fi taɓa ni. A 1953 aka fitar wa Nijeriya jerin kawunan sarki masu hotuna, kan Sarauniya Elizabeth a gefe. Na kwabo yana da mahayan Barno, na ahu yana da gyaɗa, na taro gadar Jabba, na sisi kan tagulla na Ife. Duk an rubuta Nigeria ɓaro-ɓaro. To wata rana za ka iya samun mahayan Barnon nan, amma an bi ta kansu da jan rubutu: Cameroons U.K.T.T. Wannan ba na Nijeriya ba ne kuma. Ranar 1 ga Oktoba 1960 Nijeriya ta sami 'yanci, amma yankin Kamaru da Ingila ke riƙo a madadin Majalisar Ɗinkin Duniya bai bi ta ba tukuna, sai aka ɗauki kawunan sarkin da ke ajiye aka buga musu wannan shaida. A ƙuri'ar Fabrairun 1961 arewacin yankin ya zaɓi Nijeriya, ya zama Lardin Sardauna, kudanci kuma ya bi Kamaru. Ɗan jan rubutun nan, rayuwarsa ba ta wuce shekara guda ba, amma labarin Mubi da Gwoza da Gembu yana cikinsa.

Doka ce a wannan fanni: rubutun da aka ɗora daga baya ya rinjayi na asali. Na Gwalkwas da aka buga wa Ghana Independence 6th March 1957 na Gana ne. Na Indiya mai kan Sarki George na Shida da aka ɗora wa Pakistan a 1947 na Pakistan ne. A 1968, lokacin yaƙin basasa, an ɗora sunan Biyafara a kan na Nijeriya. Nijar ma da haka ta fara. A 1921 aka ɗauki na Haut-Sénégal et Niger mai mahayin raƙumi aka buga masa Territoire du Niger, sai a 1926 ta sami nata na kanta, ciki har da mai hoton ganuwar sojan Damagaram. Daga baya sunan ya nutse cikin Afrique Occidentale Française, har sai da République du Niger ta bayyana a 1959. A tsakanin nan, kan sarki ɗaya ake mannawa a Maraɗi da Bamako da Abijan.

To in haka ne, me zai nuna maka daga ina wasiƙar ta taso? Hatimi. Wannan baƙin zagayen da ma'aikacin gidan waya ke dannawa don kashe kan sarki, wanda yara ke gani kamar ya ɓata hoton, sau da yawa ya fi kan sarkin kansa daraja. Kafin 1900, lokacin da Kamfanin Neja ke riƙe da bakin kogi, ba a buga wa yankin nasa kan sarki ba, na Ingila ake mannawa a Akasa da Burutu da Lakwaja. Ka ga kan Sarauniya Victoria, babu sunan ƙasa, kowa zai ce Landan. Amma hatimin kamfanin da ke kansa ya ce Lokoja. Wanda ya buga shi daban, inda ya yi aiki daban, kuma masana waɗannan biyun suke tambaya. A 1900 ne aka fara buga masu sunan Northern Nigeria, aka ci gaba har haɗewar 1914. Duk wanda ya sami ɗaya da hatimin Zungeru ko Zariya ko Kano a kai, ya riƙe shi da kyau.

Hatimin ma akwai na gaskiya, akwai na kanti. In ka ga kan sarki fes, hatimin ya zauna tsaf a kusurwa kamar an auna, ka juya baya ka tarar da ƙaronsa bai taɓa jin ruwa ba, to bai taɓa hawa ambulan ba. An kashe shi ne tun a ɗab'i don a sayar wa masu tarawa da araha. Ƙasashen gabashin Turai sun yi wannan sosai, haka su Ajman da Fujaira da Ummul Ƙuwaini kafin su narke cikin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Waɗannan dai ƙasashe ne na gaske. Akwai kuma na bogi tsantsa, masu sunaye irin su Nagaland da State of Oman, waɗanda babu gidan wayar da ya taɓa karɓarsu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne 'yan damfara da ke zaune a ƙetare suna buga hotunan mawaƙa da 'yan ƙwallo da sunan ƙasashen Afirka ba da saninsu ba. Abin ya yi yawa har ƙungiyar gidajen waya ta duniya ta buɗe rajista a 2002, inda ƙasa ke shigar da abin da ta buga da gaske. Sunan ƙasa amana ne, bai kamata a bar shi a hannun kowane mai injin ɗab'i ba.

Kayan aikin ba su da yawa: ɗan hantsaki mai faɗin baki don kada maiƙon yatsa ya taɓa takarda, gilashin ƙara girma, da baƙin faranti na duba ɓoyayyen tambari. Masu zurfafawa har haƙoran gefe suke ƙirgawa, nawa ne a cikin santimita 2, don bugu biyu kan bambanta ta nan kawai. Akwai manyan kundaye da suka jera kusan duk abin da aka taɓa bugawa: Stanley Gibbons na Ingila, Yvert et Tellier na Faransa, Michel na Jamus, Scott na Amurka. Yanzu kuma waya ta zo, ka ɗauki hoto ta ba ka amsa nan take. Ban hana ba, ni ma ina dubawa. Amma ina roƙon yara su fara faɗin tasu amsar da hujjarta kafin su taɓa waya, domin wayar hoto take bi, takan tsallake jan rubutu da hatimi, kuma wanda aka ba amsa a tafin hannu bai san dalilin da ya sa Masar ta taɓa zama UAR ba.

Kada kuma kowa ya sa rai da dukiya. Tsufa ba shi ne tsada ba. Penny Black ɗin nan, uban kowa, an buga fiye da miliyan 68, shi ya sa har yau samunsa ba wuya a kasuwar masu tarawa. Ƙaranci ne ke kawo kuɗi, irin na fam 25 da aka buga wa Arewacin Nijeriya a 1904, wanda kaɗan ne suka rage a duniya. Mafi yawan abin da ke gidajenmu ba zai sayi buhun shinkafa ba. Darajarsa a wani wuri take.

Akwai adakoki da akwatunan ƙarfe birjik a ɗakunan iyaye da kakanni, cike da wasiƙun 'yan kasuwar goro daga Kumasi, da na ɗalibai daga Alƙahira da Mosko, da na alhazai, da na sojojin da suka je Bama. Gara da ɗanshin damina suna cinye su, wasu kuma ana hura wuta da su ran da aka zo gyaran ɗaki. Mai karatu, in ka ci karo da irinsu, don Allah kada ka ɓanɓare kan sarkin, kada ka yanke shi da almakashi. Bar shi a jikin ambulan ɗinsa, da hatiminsa da adireshinsa da kwanan watansa, ka sa a busasshen wuri tsakanin fararen takardu, sannan ka kira yaran gida ku zauna ku karanta shi tare.